Yadda muka kama ganyen wake yana haɗa abinci

Kafin ka nuna wa mutum cewa ganye yana haɗa abinci da hasken rana, sai ka fara barin shukar da yunwa. Duk ganyen waken da ka tsinko da tsakar rana akwai sitaci a cikinsa, amma ba ka da hujjar cewa na yau ne, ko na jiya, ko kuma daga ƙasa ya hauro. Shi ya sa ake ɓoye shukar a cikin duhu na kwana biyu zuwa uku, ruwa kawai ake ba ta, har ta cinye abin da ta tara. Daga nan duk sitacin da aka samu a ganyenta sabo ne, an kuma san lokacin da aka yi shi.

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata ta je-ka-ka-dawo a bayan gari. Darasin fotosintesis yana zuwa a aji huɗu, yana kuma fitowa a WAEC da NECO, don haka yaran suna haddace shi tiryan-tiryan: iskar kabon dayoksaid ta haɗu da ruwa a gaban hasken rana da kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, sukari ya samu, iskar oksijin ta fita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yarinyar da za ta zubo maka wannan ba gargada, idan ka tambaye ta daga ina geron da ke rumbun babanta ya fito, sai ta ce daga ƙasa da taki. Karatun yana baki, bai sauka ciki ba. Bana na ƙudura cewa sai sun gani da idonsu, ko da kuwa da kayan kasuwa da na kicin za mu yi aikin.

Da aka koma makaranta a watan Satumba muka shuka wake a gwangwanayen madara da muka huda wa gindi, muka jera su a bayan aji inda rana ke bugawa tun hantsi. Wake na zaɓa saboda ganyensa yana da faɗi, ba shi da kauri, yana kuma tara sitaci sosai. Ba kowace shuka ke yin haka ba. Albasa, alal misali, sukari take ajiyewa, wanda ya yi gwajin da lawashi zai tashi a tutar babu. Kafin waken ya baza ganye na haɗa sauran kaya: risho, ƙaramar tukunya, kwalaben gwaji, hantsaki, farin faranti, sai sifirit mara launi da kwalbar aidin daga kemis. Aidin ɗin kemis yana da ƙarfi, sai an sirka shi da ruwa har ya koma launin shayi mara madara.

Ban bari sun taɓa ganye ba sai da suka san halin aidin. Na zo da ragowar koko, gutsuren tuwon shinkafa, ɗanyen rogo, sukari da gishiri. Ɗigo ɗaya a kan koko, nan take ya koma shuɗi mai duhu har ya nufi baƙi. Tuwo ma haka, rogo ma haka. Sukari da gishiri kuwa ko gezau, aidin ya zauna a kansu da launinsa na ruwan ƙasa. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai sukari ma abinci ne, me ya hana shi canjawa?" Na ji daɗin tambayar. Aidin sitaci kaɗai yake tonawa. Shi sitaci ƙwayoyin sukari ne masu ɗimbin yawa da aka ƙulla jere, suka zama doguwar sarƙa mai nannaɗewa, aidin yana shiga cikin naɗin ya maƙale, a nan launin ke juyawa. Sukari ganye ke fara yi, idan ya yi masa yawa sai ya ƙulla shi ya mai da shi sitaci, domin sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi, inda aka ajiye shi nan yake zama. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Julius von Sachs, shi ya nuna da aidin a farkon shekarun 1860 cewa sitacin ganye aikin haske ne, kuma hanyarsa ce ake bi a makarantu har gobe.

Muka kwashe gwangwanayen muka kulle a kabad ɗin ofishin malamai. Da wa'adin duhun ya cika, tun da sassafe muka tsinko ganye ɗaya don mu tabbatar cewa ya ƙarar da ajiyarsa. A kan wannan ganyen suka koyi aikin duka. Na farko, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na kamar minti ɗaya. Wannan yana kashe ganyen, ya tsayar da duk abin da ke gudana a ciki, ya kuma sassauta bangon ƙwayoyinsa yadda magani zai ratsa. Yana fitowa ya yi laƙwas. Na biyu, kuma a nan na fi tsananta musu, a kashe risho ɗungurungum kafin a buɗe kwalbar sifirit. Sifirit yana kama wuta ko daga tururinsa ne. Ba ya ma buƙatar wutar, tunda a zafin digiri 78 yake tafasa, ruwa kuwa sai 100. Sai a naɗe ganyen a tura shi cikin kwalbar gwaji, a zuba sifirit ya sha kansa, a tsayar da kwalbar a cikin tukunyar ruwan zafin nan.

Abin da ya biyo baya ya sa ajin ya yi tsit. Sifirit ɗin ya fara ɓararraka a hankali, kore yana zubowa daga jikin ganyen zare-zare, har ruwan kwalbar ya zama kore shar, ganyen kuma ya koma fari. Da na ciro shi da hantsaki ya ƙandare, da an matsa zai karye, sai da muka sake tsoma shi a ruwan ɗumi ya yi laushi sannan muka shimfiɗa shi a faranti. Muka ɗiga aidin ya jiƙa shi ko'ina. Muka jira. Ganyen ya ɗauki launin aidin, rawaya-rawaya, babu baƙi ko ɗis. Wasu fuskokinsu suka nuna gwajin ya lalace. Na ce musu a'a, abin da muke nema ke nan, waken ya cinye komai, yanzu za a fara.

Amma ban bari an zubar da koren ruwan ba. Shi ne kulorofil ɗin da suke ta rubutawa ba su taɓa gani shi kaɗai ba. Muka ƙara ganyaye a ciki ya yi kauri, muka fita da kwalbar rana, na ce su dube ta ta gefe, daga ɓangaren da hasken ke shiga. A can cikin koren akwai wani ja mai duhu yana ɗan ƙyalli. Kulorofil yana shanye jan haske da shuɗi daga cikin hasken rana, ya bar yawancin kore ya wuce ko ya dawo idonmu, dalilin da ganye ke zama kore ke nan. A cikin ganye mai rai, ƙarfin da ya kama yana miƙa shi gaba a yi aiki da shi. A cikin kwalba babu wanda zai miƙa wa, sai ya sake shi a matsayin jan haske. Ni kaina duk lokacin da na ga wannan jan sai tsigar jikina ta tashi.

Daga nan muka fito da waken muka raba aiki. Rukuni na farko suka yanka baƙin kwali gida biyu, suka huda tauraro a tsakiyar ɗaya, suka rufe ganye sama da ƙasa suka maƙale da kilif, ganyen yana jikin uwarsa. Rukuni na biyu aikinsu iska ne. Muka cusa ganye ɗaya cikin farar leda mai nuna ciki, tare da murfin kwalba da na zuba wa sodar sabulu, muka ɗaure bakin ledar tam a jikin reshen. Wata ɗaliba ce ta kawo sodar daga wajen mahaifiyarta mai yin sabulu, kuma ni kaɗai na taɓa ta, don tana cin fata. Amfaninta shi ne tana zuƙe kabon dayoksaid daga iskar da ke cikin ledar. Wani ganyen muka ɗaure shi a irin wannan ledar amma ruwa ne a murfin, don kada wani ya ce ledar ce ta hana. Rukuni na uku suka ɗauki wata shukar ado da ke gaban ofis, mai ganye rabi kore rabi fari, wadda ita ma ta yi zaman kabad. Na sa suka zana ganyen a littafi tun kafin a taɓa shi, domin idan ya fito daga sifirit duk fari zai koma, ba mai tuna inda kore yake. Muka bar su a rana. Ana buƙatar awa huɗu zuwa shida na rana mai kyau, ranar Oktoba kuwa ba ta da rowa.

Muna cikin ɗaure-ɗauren nan Baba maigadi ya matso. Dattijo ne manomi, yana da 'yar gona a bayan katangar makaranta, dawa da wake. Ya daɗe yana kallonmu sannan ya ce, "Malama, wai me kuke nema a jikin waken nan?"

Na ce, "Baba, so muke mu ga inda shuka ke samun abincinta."

Ya ce, "Ikon Allah. Ai a ƙasa take samu."

Na roƙe shi ya zauna, na tara yaran, na ba su labarin wani likita, Jan Baptist van Helmont, mutumin ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Ya busar da ƙasa ya auna kimanin kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa reshen wata bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai. Shekara 5 ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya tumɓuke ta ya auna, ta kusa kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya auna, abin da ya ragu daga nauyinta bai kai giram 60 ba. An buga wannan a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka duk ƙarin daga ruwa ne, ya kuma samu rabin gaskiya. Ragowar, wato iska, sai bayansa da fiye da shekara ɗari aka gano.

Baba bai gamsu ba, kuma yana da hujja. Ya ce, "To in ba ƙasa take ci ba, me ya sa gonar da ba taki ba ta yin komai?"

Na ce, "Baba, ku da kuka fi mu sanin gona, idan aka ƙone damin kara, toka nawa ke saura?"

Ya ce, "'Yar kaɗan. Ba ta cika ƙwarya ba."

Wannan 'yar tokar ita ce kusan duk abin da karan ya ɗauko daga ƙasa, in ka ɗebe ruwa, sai kuma naitirojin da ke bin hayaƙi. Ita ce mata ke tacewa su yi ruwan toka. Sauran jikin karan, wanda ya ci wuta ya tashi sama, daga sama ya zo tun asali. Kusan rabin nauyin busasshen kara kabon ne, kuma duk wannan kabon daga iska ganye ya kamo shi. Taki yana da muhimmanci ƙwarai, amma aikinsa daban ne. A tsakiyar kowace ƙwayar kulorofil akwai maganiziyam, naitirojin huɗu sun kewaye shi. Idan ƙasa ta gaji, shuka ba ta samun abin da za ta gina kulorofil da sauran kayan aikinta, sai ganye ya yi rawaya, ganye mai rawaya kuwa ba ya kama haske yadda ya kamata. Rana tana nan, iska tana nan, mai haɗa su ne ya raunana. Baba ya jinjina kai ya ce zai dawo ya ga ƙarshen abin.

Bayan azahar muka tsinko ganyayen, kowanne ya bi ta ruwan zafi, ya bi ta sifirit, ya koma ruwan ɗumi, ya hau faranti. Na fara da na baƙin kwali. Aidin yana bazuwa, sai gefen ganyen da kwali bai rufe ba ya fara duhu. Tsakiya ta tsaya fari. Can sai ga tauraron yana fitowa a cikin farin, da farko dishi-dishi, sannan baƙi ƙirin, kowane tsini nasa a fili, har wani ɗan karkacewa da almakashi ya yi sai da ya fito. Yarinyar da ta yanka shi ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi Malama nawa ne!" Sai salati ya kaure. Ganye ɗaya ne, jijiya ɗaya ke kawo masa ruwa, ƙasa ɗaya, taki ɗaya. Inda haske ya taɓa akwai abinci, inda bai taɓa ba babu, tsakaninsu kuma bai fi kaurin farce ba. Da daga ƙasa sitacin ke haurowa, ba ruwansa da tauraro.

Sauran ba su ɗauki lokaci ba. Ganyen ledar soda ya fito fari, na ledar ruwa ya yi baƙi. Ganyen ado ya yi baƙi daidai inda zanen littafi ya nuna kore, farin gefen ya zauna yadda yake.

A wannan lokacin ne na ga ya dace in yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, don yanzu kunnuwansu a buɗe suke. A cikin ƙwayoyin ganye akwai wasu 'yan ƙunsoshi kore da ake kira kuloroplas, aikin kuma hawa biyu ne. A hawa na farko haske yana bugun kulorofil ya fizge masa ilektaron, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai ɗauke da lantarki, shi kuma ya cike gurbin da wanda aka ƙwato daga ruwa. Ruwan da aka fasa, oksijin ɗinsa ya fice, ƙarfin hasken kuma a ɗure shi a wasu sinadarai biyu, ATP da NADPH. A hawa na biyu wani sinadari mai suna rubisko yana cafke kabon dayoksaid ya liƙa shi a jikin wani sukari mai kabon biyar, abin ya rabe biyu, kowanne da kabon uku. Da ƙarfin da aka ɗure a hawan farko ake juya waɗannan su zama sukari, wani kaso kuma ya koma ya sake zama mai kabon biyar don a ci gaba da kamawa. Sai an kama kabon dayoksaid shida ake samun ƙwaya ɗaya ta sukarin da ake kira gulukos. Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham ne suka bi sawun wannan zagayen a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suna shayar da gansakuka kabon mai lamba 14, wani nau'in kabon da ake iya bin sawunsa, suna duba inda ya shiga daƙiƙa bayan daƙiƙa. Calvin ya samu kyautar Nobel a kan haka a 1961. Cewa oksijin daga ruwa yake fitowa, ba daga kabon dayoksaid ba, Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu suka nuna a 1941.

Oksijin ɗin ma mun gan shi, a wani darasin. Yara suka samo ciyawar da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa daga wani kududdufi, muka saka ta a babbar kwalba, muka kife ta da kan gorar ruwa da muka yanke ya zama mazurari, muka kifa kwalbar gwaji cike da ruwa a bakinsa. A rana, ƙananan kumfa suka riƙa fitowa daga inda aka yanke karan, ɗaya na bin ɗaya. Muka ja kwalbar inuwa, suka ragu har suka kusa tsayawa. Muka mayar, suka dawo. Da iskar ta taru muka kunna tsinken tsintsiya muka hure, muka tura garwashin ciki, ya haskaka ya sake kamawa. Irin wannan kumfar Jan Ingenhousz, likita ɗan Holan, ya zauna yana lura da ita a Ingila a 1779. Kafin shi, a 1771, Joseph Priestley ya ga cewa reshen na'ana'a yana gyara iskar da kyandir ya ƙone a rufaffiyar kwalba, amma Ingenhousz ne ya gane cewa sai da haske, kuma sai koren sashen shuka. Ya kuma lura cewa a cikin duhu shuka ɓata iska take yi. Haka ne, ita ma tana numfashi dare da rana, tana ƙona sukarin da ta haɗa don ta rayu, sai dai abin da take fitarwa na oksijin da rana ya fi wanda take sha.

Ta ina iskar ke shiga ganye? Wannan da jan farce mara launi muka gano shi. Muka shafa a bayan ganyen wake, ya bushe, muka liƙa salatif muka ɓare, muka ɗora a gilashi muka saka a maikiroskof guda ɗaya da makarantar ke da shi. Layi suka yi, kowacce ta kafa ido ɗaya. Fatar ganyen ta fito, cike da 'yan ƙofofi, kowace ƙofa ƙwayoyi biyu masu siffar ƙoda ke tsaronta. Idan sun ƙoshi da ruwa sai su bankaɗe ƙofar ta buɗe, idan ruwa ya yi ƙaranci su saki ta rufe.

A nan wahalar shuka take, kuma a nan darasin ya fi shafarmu mu mutanen ƙasar zafi. Kabon dayoksaid kaɗan ne a iska, kusan kashi 4 cikin 10,000. Dole ganye ya bar ƙofofinsa a buɗe kafin ya samu abin kirki, ta ƙofar da iska ke shiga kuwa ta nan ruwa ke tserewa, ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa a kan kowace ƙwayar kabon ɗaya da aka kama. Ga kuma rubisko, idan zafi ya tsananta yakan cafki oksijin a maimakon kabon dayoksaid, aikin ya koma asara. Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara da wake da gyaɗa da shinkafa da alkama ba su da ita. Suna fara kama kabon da wani sinadari daban wanda ba ya ruɗewa, su mai da shi mai kabon huɗu, su tura shi cikin wasu ƙwayoyi da ke kewaye da jijiyoyin ganye, a can su sake shi ya taru da yawa a gaban rubisko. Ta haka ba sai sun wangale ƙofofi ba, ruwan da suke ɓatarwa kan kowane abincin da suka haɗa bai kai na sauran ba. Hal Hatch da Roger Slack suka warware wannan hanyar a Ostareliya a 1966, da ganyen rake suka yi aikin. Na ce wa yaran, ba banza ba gero ke yi a jigawar Damagaram da Daura da ɗan ruwan da bai taka kara ya karya ba, alkama kuwa sai an jira hunturu a yi mata ban ruwa a Kadawa. Kakanninmu ba su san rubisko ba, amma hatsin da suka riƙe shi ne wanda ganyensa ya dace da wannan rana.

Gwaji na ƙarshe Baba ne ya taya mu, tunda shi ke kwana a makarantar. Ganyen wake uku-uku yake fitowa a kara ɗaya. Da la'asar muka tsinke ɗaya daga cikin ukun a gonarsa, muka tsoma a ruwan zafi muka ajiye. Muka ɗaura zare a karan, na roƙe shi da ya idar da sallar asuba, kafin gari ya waye, ya tsinke ɗan'uwansa ya tsoma a ruwan shayinsa mai tafasa. Ya yi yadda aka ce, har da naɗo shi a takarda. Da muka gwada su gefe da gefe, na la'asar ya yi baƙi ƙirin, na asuba kuwa ɗan toka-toka ne kawai a wasu wurare. Sitacin ganye kamar rumbun yini ɗaya ne, a cika shi da rana, a kwashe da dare. Ganyen yana warware shi ya koma sukari, ya ci kaɗan, sauran ya bi jijiyoyi zuwa inda ake buƙata: saiwa, sabon toho, fure, ƙwaya. Ƙwayar wake da zangarniyar gero da saiwar rogo duk a haka suke cika, dare bayan dare.

Baba ya daɗe yana duban farantin. Sannan ya fara kawo nasa, yaran suna saurare. Ya ce shi ya sa ke nan hatsi ba ya yi a gindin mangwaro amma yana yi a gindin gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, don haka lokacin da shuka ke son rana yana sakar mata, ga kuma ganyen da ya zubar da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa sun zama taki. Ya kawo maganar wuta-wuta, wadda ke liƙe wa saiwar dawa tun tana ƙarƙashin ƙasa tana tsotsar abin da ganye ya aiko, kafin a ga furenta ta riga ta yi ɓarna. Sai ya yi tambayar da na ga ita ce ta fi damunsa.

"Malama, to mu da muke zagar ganyen dawa muna ba awaki fa?"

Na ce masa ya danganta da wane ganye da kuma wane lokaci. Daga fitar kai har ƙwaya ta yi tauri, ganyayen sama, waɗanda ke kusa da kan, su ne ke cika ta, don su rana ta fi samu. Wanda ya zage su a lokacin, daga cikin mudunsa ya ɗebe. Na ƙasa da suka shiga inuwa suka fara rawaya, abin da suke haɗawa kaɗan ne, asarar cire su ba ta da yawa. Idan ƙwaya ta riga ta ƙosa kuwa, ganye ya gama nasa, sai a zage.

Ya ce dama shi daga ƙasa yake farawa, amma yaransa idan ya aike su, na sama suke fizgowa don sun fi kore, awaki sun fi son su. Ya nemi in ba shi ganyen nan biyu, na la'asar da na asuba, zai kai gida ya nuna musu. Na ce launin aidin yana gushewa idan ya sha iska, gara ya turo su ranar Asabar a yi a gabansu. Ɗalibai uku suka ce su za su zo su yi musu, ni in riƙe sifirit kawai.